Yadda za ku koyar da ƙananan yara ta hanyar furojet ba tare da aji ya hargitse muku ba

Malamai 'yan uwana masu riƙe da rabin aji da 'yan aji ɗaya da biyu na firamare, wannan naku ne. Koyarwa ta furojet dai a taƙaice ita ce a ɗauki tambaya guda wadda yaran da kansu suke son sanin amsarta, a yi ta binta sati biyu ko uku ko ma fiye, suna dubawa suna taɓawa suna zanawa suna ƙirgawa, har karatu da lissafi da kimiyya su shigo ciki ba sai an ce a fito da littafi ba. Kuma ba sabon abu ba ne fa. Tun 1918 William Kilpatrick, wani malamin jami'a a Amurka wanda ɗalibin masanin ilimi John Dewey ne, ya yi rubutu a kan hanyar, sannan bayan yaƙin duniya na biyu a garin Reggio Emilia na Italiya, wani malami Loris Malaguzzi da iyayen yara suka gina makarantun ƙananan yara a kan irin wannan tunanin. Daga baya wasu masana ilimin ƙananan yara, Lilian Katz da Sylvia Chard, suka tsara abin mataki uku, farawa da bincike da kammalawa, toh shi zan bi a nan.

Wajen zaɓen abin da za a yi a kai, ku ɗauki abin da yaro zai iya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa yau ɗin nan. Taurari da kifayen ƙarƙashin teku suna da daɗin labari amma ƙarshenta ku ne za ku yi ta surutu su kuma suna kallonku. Inuwa, tururuwa, ruwa, takalma, tayoyi, tsirowar iri, waɗannan kam suna gabansu kullum. Bari mu ɗauki inuwa tunda ba ta buƙatar a sayi komai.

Ranar farko ba a koyar da komai, saurare ake yi. Ku zaunar da su a ƙasa ku tambaye su me suka sani game da inuwa, duk abin da yaro ya faɗa ku rubuta a babbar takarda yadda ya faɗe shi da sunansa a gefe. Za ku ji wani ya ce inuwarsa binsa take yi don tana sonsa, wata ta ce da dare inuwa barci take zuwa yi. Don Allah kar ku gyara musu. Jean Piaget, masanin yadda tunanin yara ke girma, ya daɗe da nuna cewa yaran da ke tsakanin shekara 2 zuwa 7 sukan ɗauka abubuwa marasa rai ma suna da rai da niyya, matakin tunaninsu ke nan, ba wauta ba ce. Waɗannan maganganun su ne jarin furojet ɗin gaba ɗaya, daga cikinsu za ku tsamo tambayoyi biyu ko uku da za a bincika. Sai kowa ya zana kansa da inuwarsa, ku sa kwanan wata ku adana.

Sai bincike, nan ne aikin yake. Da safe ku fita da su fili bibbiyu, ɗaya ya tsaya cak ɗayan ya zagaye ƙafafunsa da alli sannan ya bi gefen inuwar ya zana, in ƙasa ce ba siminti ba a yi da tsinke. Kafin a fita ku ja musu kunne sosai kar kowa ya kalli rana kai tsaye, tana lahanta ido. Wajen tsakar rana ku koma, kowa ya sa ƙafarsa daidai inda aka zagaye masa. Ku tsaya ku kalli fuskokinsu lokacin da suka ga inuwar ta gajarce kuma ta matsa daga inda take, za ku ga yaro ya dubi zanen ya dubi ƙafarsa ya sake duban zanen, wani har ya zargi abokinsa da cewa bai iya zane ba. A nan lissafi zai shigo da kansa, a auna tsawon ta safe da ta rana da taku ko da sanduna masu tsayi ɗaya, a ƙirga, a rubuta lambar kusa da sunan mai ita. Wata ranar ku rufe tagogi ku kawo tocila, su matso da hannu kusa da ita su ga inuwar ta ƙara girma a bango, su ja baya ta ƙanƙance. Ranar da hadari ya rufe rana ma kar ku fasa fita, ku bar su su nemi inuwar su rasa, tambayar da za ta biyo baya ta fi darasin da kuka shirya.

Abin da ya fi wuya a duk harkar nan shi ne malami ya riƙe bakinsa da hannunsa. Yaro ya tambaya me ya sa ta gajarce, amsar tana kan harshenku, jimla ɗaya ce ku faɗa a wuce. In kuka faɗa zai ce to, ya manta kafin a tashi. Ku mayar masa, ina rana take da safe, yanzu fa tana ina, nuna min da hannu ba da ido ba. Ba wai a bar yaro yana ta lalube har ya gaji ba, a'a, abin da Lev Vygotsky, masanin yadda yara ke koyo, ya yi bayani a kai ke nan, akwai abin da yaro bai iya shi kaɗai ba amma da ɗan tallafi zai iya, toh daidai wannan ɗan tallafin za ku ba shi ku janye. Ni a ganina malamin da ya iya wannan ya gama da rabin aikin.

Yanzu matsalolin yau da kullum. Idan yara sun yi yawa kar ku ce duk aji za su yi abu ɗaya lokaci ɗaya, ku kasa su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, rukuni ɗaya yana tare da ku sauran suna zane ko wani aikin da suka riga suka saba, sai a riƙa juyawa. Kowa a ba shi aiki, mai riƙe alli, mai ƙirga, mai kwashe kaya, in ba haka ba mai baki ɗaya ne zai mamaye komai. Shi kuma mai shiru-shirun nan da ba ya ɗaga hannu, ku durƙusa kusa da shi ku tambaye shi game da zanensa, sau da yawa shi ne ya lura da abin da kowa bai gani ba. Kar zama ya yi tsawo, minti 15 zuwa 20 ya isa, da kun ga an fara tsunkulin juna a tashi, gobe ma rana ce. Ɓata wuri kuwa dole ne, ku sa kwashe kaya ya zama cikin aikin, ku ware masa minti biyar na ƙarshe, kuma duk ƙananan abubuwan da yaro zai iya haɗiyewa ko cusawa a hanci ku nisanta su da 'yan rabin aji.

Sai iyaye da hedimasta, waɗanda za su buɗe littafin yaro su ga ba a cika shafi ba su ce wasa kawai ake yi. Suna da hakkin tambaya, kar ku ji haushi. Tun kafin ku fara ku buɗe manhaja ku ga waɗanne abubuwa furojet ɗin zai taɓa, doguwa da gajeriya, ƙirga, rubuta suna, safe da rana da yamma, ku rubuta su a tsarin darasinku. Ku liƙa zane-zanen da maganganun yaran a bango inda mai zuwa ɗaukar yaro zai gani. In za ku ɗauki hoto da waya ku nemi izinin iyaye tukuna. Kuma furojet ba ya maye gurbin koyon haruffa da sautinsu, wannan yana da lokacinsa kullum, ku bar shi yadda yake.

Wani lokacin abin zai mutu a hanya, yaran su daina tambaya. Ku gwada kawo sabon abu ɗaya, misali madubi ko leda mai launi a gaban tocilar, in har yanzu ba su motsa ba ku rufe shi, ba laifi.

Kammalawa ba sai an yi biki ba. Ku gayyaci ajin da ke kusa ko iyayen da suka samu dama, yaran su yi bayanin abin da suka gano da bakinsu, ko da suna in-ina ku ƙyale su. Kar ku kwana kuna gyara musu zane don ya yi kyau, karkataccen layin nan shi ne shaidar cewa su suka yi. Kafin ranar ku sa kowa ya sake zana kansa da inuwarsa, ku ajiye shi kusa da na ranar farko. Ku duba ko yanzu inuwar ta haɗe da ƙafa, ko ya sa rana a gefe ɗaya inuwa a ɗaya gefen. Wanda har yanzu ya zana rana da inuwa gefe guda, ku rubuta sunansa ku sake fita da shi fili da safe.