Darasi na Tara: Kalmar "Charge", Ma'anoninta da Makinta a Wasan Scrabble

Wannan kalma kun san ta tun kafin ku zo aji, ko da ba ku taɓa ganin ta a rubuce ba. Ita muka ara muka mayar "caji". Duk wanda ya taɓa miƙa wayarsa a shagon mai caji, aka manna mata lamba, aka ce ya dawo bayan la'asar, ya furta ta. A Turanci haruffa shida gare ta: C-H-A-R-G-E. Kowa ya rubuta ta sau uku a littafinsa kafin mu ci gaba.

Ku lura da rubutun. Sautin da Hausa ke rubutawa da c kaɗai, kamar a "ciki" da "cokali", Turanci sai ya haɗa c da h. Haruffa biyun ƙarshe, g da e, sautin j suke bayarwa. Harafin r na tsakiya kuwa, mutanen Ingila ba sa furta shi, Amurkawa suna furtawa. Amma a rubutu dole ya fito, domin in kun sa n a gurbinsa kun koma wata kalma dabam, "change", wato canji.

Ma'anonin kalmar suna da yawa, amma duk tushensu ɗaya. Turanci ya samo ta daga tsohon Faransanci, inda take nufin ɗora kaya, shi kuma Faransanci ya samo ta daga sunan amalanke a Latin. To, ku riƙe "ɗora". Duk inda kuka ci karo da charge, ku tambayi kanku: me aka ɗora, kuma wa aka ɗora wa?

A waya ko fitila, wuta aka ɗora wa batir. Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Charger ita ce caja, recharge kuwa ƙarin kuɗi a layi, abin da muke cewa sa kati.

A banki, kuɗi aka ɗora muku. Nan ne kalmar ta fi taɓa aljihu, kuma nan ne ya kamata ku fi buɗe ido. Saƙo ya shigo waya, kun ga an zare wani abu daga asusu alhali ba ku sayi komai ba. Ku duba layin da ke bayanin dalili. In kun ga "charge" ko "charges", ladan aiki ne bankin ya cira, na turo saƙo, ko na kati, ko na tura kuɗi. Ba lallai a ce sata aka yi muku ba, amma kuna da damar zuwa ku ce a karanta muku, a faɗa muku na mene ne. Haka mai POS in ya ce "da caji", wannan ma'anar yake nufi. Akwai kuma jimla guda da ta cancanci a haddace ta: "free of charge". Ma'anarta kyauta, ba a biyan ko sisi. In kun gan ta a jikin bango a wurin rigakafi ko wurin rajista, sannan wani ya miƙo hannu, ku nuna masa rubutun.

A wurin 'yan sanda da kotu, laifi aka ɗora wa mutum, wato tuhuma. Daga nan "caji ofis" ya samo sunansa: ɗakin da ake rubuta abin da ake tuhumar mutum da shi. "Charge sheet" ita ce takardar tuhuma. Tuhuma dai ba hukunci ba ce, alƙali ne ke yanke hukunci bayan ya saurari kowa. Kada ku dangwala yatsa ko ku sa hannu a kan irin wannan takarda sai an karanta muku ita da harshen da kuke ji.

A wurin aiki, nauyi aka ɗora wa mutum. "In charge" shi ne mai kula da wuri, shi ya sa a ƙaramin asibitin ƙauye za ku ji ana cewa a jira incaj ya zo. In an sallami majinyaci kuwa, a takardarsa za a rubuta "discharge". An sauke kayan ke nan.

Akwai ma'ana ta biyar, ta afka wa abu a guje kamar yadda bijimi ke yi, amma ba kasafai za ta zo muku a takarda ba.

Yanzu sai wasa. Scrabble wasan haɗa kalmomi ne da wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Alfred Butts, ya ƙirƙiro a shekarun 1930, aka fara sayar da shi da wannan suna a 1948. Allonsa gida 15 ne a tsaye, 15 a kwance. 'Ya'yan wasan guda 100 ne, kowane da harafi a fuskarsa da 'yar lamba a kusurwa, in ban da biyu da ba a rubuta musu komai ba. Kowane ɗan wasa yana riƙe bakwai. Kada ku ɗauka wasan Turawa ne kawai: a 2015 ɗan Nijeriya, Wellington Jighere, ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

Lambar kusurwa ita ce makin harafin, kuma farashinta irin na kasuwa ne: abin da ya yi yawa ya yi araha. E guda 12 ne a jaka, makinsa 1. Q da Z ɗai-ɗai ne, kowanne maki 10. Ga lissafin kalmarmu:

C 3, H 4, A 1, R 1, G 2, E 1. Jimla 12.

Fiye da rabin makin yana kan C da H, don haka inda kuka ajiye su ne ke da muhimmanci. Allon yana da gidaje masu launi: wasu suna ninka makin harafi sau biyu ko uku, wasu suna ninka na kalma duka. Wanda ya fara wasa dole kalmarsa ta bi ta gidan tsakiya mai tauraro, wanda ke ninka kalma sau biyu. Idan ya ajiye CHARGE ba tare da dabara ba, ya sami 24. Idan ya fara ta daga gida na 4 a layin tsakiya, C ya hau gidan ninka harafi, ya zama 6, jimla 15, a ninka, 30. Idan kuma ya ja ta baya da gida ɗaya, ya fara daga na 3, H ne zai hau gidan, ya zama 8, E ya sauka daidai kan tauraro. Jimla 16, a ninka, 32. Kullum harafi ake fara ninkawa, sannan kalma. Masu koyo sun fi yin kuskure a nan.

Ga wata garaɓasa. Wanda ya zubar da 'ya'yansa bakwai a tashi ɗaya ana ƙara masa maki 50. CHARGE shida ce, ba ta kai ba. Amma in harafinku na bakwai S ne, ko D, ko wani R, kun sami CHARGES, CHARGED ko CHARGER.

Aikin gida

Ku lissafa makin CHARGED da CHARGER, D maki 2 ne. Sannan ku lissafa CHANGE, N maki 1 ne, ku gaya mana ko ta fi CHARGE ko sun yi kunnen doki.

Ku yanka kwali gida shida, ku rubuta haruffan da makinsu, ku nemo ƙananan kalmomin da ke ɓoye a ciki. Ga biyu don somawa: CAR, mota, maki 5, da AGE, shekaru, maki 4.

Mai asusun banki ya duba saƙonnin wayarsa na watan jiya, ya kwafo layi ɗaya mai ɗauke da kalmar yau. Ban da lambar asusu da abin da ya rage a ciki. Za mu karanta su tare a darasi na gaba.