Yadda Ake Ba Mutum Haƙuri Idan Kai Ne Mai Laifi

Na taɓa tona asirin aminina a gaban mutane. Bashi ne ya yi masa katutu, ya gaya mini ni kaɗai, ni kuma bakina ya suɓuce ana tsaka da hira. Washegari na same shi na ce, "Idan abin da na faɗa ya ɓata maka rai ka yi haƙuri, amma ai kusan kowa ya sani." Bai ce uffan ba. Makullin da ke hannunsa kawai yake juyawa, idonsa a ƙasa. Wata 8 muka yi daga gaisuwa sai gaisuwa. A cikin watannin nan na gane abin da zan faɗa maka.

Kafin ka taka ƙafa zuwa wurin wanda ka yi wa laifi, zauna ka faɗa wa kanka laifin da sunansa, a jimla guda. "Na tona maka asiri." "Na yi maka ƙarya." Idan ka kasa furta shi kai kaɗai a ɗaki, ba ka shirya ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma a daidai wannan zaman ne zuciya za ta fara lissafo maka abubuwan da shi ma ya taɓa yi maka. Ajiye su. Suna da ranarsu.

Sannan ka cire kalma biyu daga bakinka: "idan" da "amma". "Idan na ɓata maka" tana nuna kana shakkar ko an yi laifin ma. "Amma" kuwa tana kwashe duk abin da ka faɗa kafinta. Ni duka biyun na haɗa a numfashi ɗaya, shi ya sa na ƙara masa ciwo a kan ciwo.

Ka lura kuma da "ka yi haƙuri" ita kanta. Umarni ce. Kai ka yi ɓarna, shi kake ba aiki. Ba na cewa a daina faɗinta, sai dai ta zo daga ƙarshe, bayan ka sauke naka nauyin. Wani malami a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Roy Lewicki, shi da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 2016 kan abubuwa 6 da ban haƙuri ke ƙunsa. Wanda ya fi tasiri shi ne mutum ya amsa cewa laifinsa ne, sai alƙawarin gyara ɓarnar. Roƙon a yafe ne ya zo can ƙarshe. Malaman addini ma sun daɗe suna cewa tuba daga haƙƙin wani ba ta cika sai an mayar masa da haƙƙinsa.

Gyaran nan shi ne wurin da yawancinmu muke zamewa, domin yana da tsada. Abin da ka karɓa, mayar. Ƙaryar da ka yaɗa, koma wurin waɗanda suka ji ka warware ta da bakinka. Asiri kuwa ba ya komawa, magana zarar bunu ce. Abin da ya rage mini shi ne na bi mutanen da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, na ce musu amana na ci, don Allah maganar ta tsaya a nan. Kunyar da na ji ranar har yanzu ina tuna ta.

Ka je da ƙafarka, ku biyu kaɗai. Saƙon waya ba ya ɗaukar murya, rakiyar mutane kuma tana tilasta masa ya ce ya yafe alhali zuciyarsa ba ta sauko ba. Idan ka gama, yi shiru. Zai iya faɗa maka magana mai zafi. Saurara har ya kai aya, kada ka gyara masa lissafi ko da ya ƙara gishiri.

Da na koma karo na biyu, na ce masa, "Ka ba ni amana na ci. Ba ni da hujja." Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce ya ji. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Sai bayan sati 3 ya kira ni da kansa, yana tambaya ko zan raka shi duba mahaifinsa a asibiti.