Shawara ga masu koyar da tarihin Kanada a Yaƙin Duniya na Ɗaya

'Yan uwa malamai, in za ku koyar da rikicin tilasta shiga soja na 1917 a Kanada, kada ku fara da tambayar wa ke da gaskiya. Ku raba aji rukuni-rukuni, ku miƙa wa kowane rukuni kati mai bayanin mutum guda, su yi magana da bakinsa.

Wani ɗan Toronto ne haifaffen Ingila, ƙanensa na fagen daga, yana goyon bayan Firaminista Robert Borden, wanda ya kawo dokar tilasta shiga soja. Wani manomi ne, yana fargabar a ɗauke masa ɗa ga girbi ya matso.

Mutumin Kebek kuwa, lardin da galibin mutanensa masu jin Faransanci ne kuma suka ƙi tilasta shiga soja, ku ba shi lokaci sosai, don a nan ɗalibai ke saurin cewa tsoro ne kawai. Ku nuna musu cewa a 1912 gwamnatin lardin Ontariyo ta taƙaita koyarwa da Faransanci a makarantu. Irin wannan ne ya sa Henri Bourassa, ɗan siyasar Kebek mai adawa da tilasta shiga soja, yake ganin haƙƙin da ake tauye wa masu jin Faransanci a gida ya fi cancanta a kare, ba zuwa yaƙi a Turai ba.

Ku sako batun mata ma. Dokar zaɓen 1917 ta ba matan sojoji da uwayensu ƙuri'a, ta ƙwace ta daga 'yan asalin ƙasashen abokan gaba da suka zama 'yan ƙasa bayan 1902. Ku tambayi aji: wa dokar nan ta amfana?