Yadda ake sauƙaƙa furakshan na aljabara, wanda ake kira rashonal

Duk lokacin da na zauna duba takardun ɗalibai a wannan darasi, kuskure ɗaya nake cin karo da shi. Ɗalibi ya ga x² a sama, ya ga x² a ƙasa, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi, ya ja layi ya soke su. Shi ke nan aiki ya lalace tun daga layin farko.

Bari mu fara da sunan. Rashonal yana da alaƙa ne da kalmar rashiyo, wato wani abu a raba da wani. Kamar yadda ake kiran 3/4 lamba rashonal saboda cikakkiyar lamba ce a kan wata cikakkiyar lamba, haka ake kiran folinomiyal ɗaya a kan wani folinomiyal. Folinomiyal kuwa shi ne irin su x² + x − 12, inda fawar x, wato ƙaramar lambar da ke saman x, take 0, 1, 2, 3 zuwa sama. Don haka (x + 1)/(x − 2) rashonal ne, 5/x ma haka. Amma √x/(x + 1) ba ya ciki, domin √x ba folinomiyal ba ne. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: na ƙasa bai isa ya zama sifili ba.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi: (x² − 9)/(x² + x − 12).

Mataki na farko, ajiye batun sokewa gefe, ka farfasa sama da ƙasa zuwa faktoci, wato gutsattsarin da in an ninka su za su dawo da na asali. Na sama bambancin sukwaya biyu ne, wato x² − 3², sai ya koma (x − 3)(x + 3). A na ƙasa kuma kana neman lambobi biyu da in an ninka su za su ba da −12, in an tara su ba da 1. Su ne 4 da −3. Na ƙasa ya zama (x + 4)(x − 3). Wanda farfasawa ke ba wahala, gara ya koma ya ƙware a kanta tukuna, ba zan tsaya kanta a nan ba.

Mataki na biyu, kafin ka taɓa komai, rubuta lambobin da aka haramta wa x. Dubi na ƙasa: idan x ya zama 3, ko −4, za ka samu sifili. Rubuta x ≠ 3, x ≠ −4 a gefen takarda yanzu-yanzu. Ni doka ce a wajena a rubuta su a wannan gaɓa, domin da zarar ka soke (x − 3) ba za ka sake ganinsa ba, kuma ba za ka tuna da shi ba.

Mataki na uku shi ne sokewar, kuma nan ne ramin da kowa ke faɗawa. Abin da aka ninka kaɗai ake sokewa. Abin da aka tara ko aka ɗebe, ba a taɓa shi. A misalinmu, (x − 3) yana ninke da duk abin da ke sama, yana kuma ninke da duk abin da ke ƙasa, saboda haka ya tafi gaba ɗayansa da bakansa, wato alamar ( ) da ta kewaye shi. Saura (x + 3)/(x + 4).

To a nan shaiɗan zai sake raɗa maka cewa ai ga x a sama ga x a ƙasa, soke su ka samu 3/4. Kada ka yarda. Gwada da lambobi zalla ka gani da idonka. (2 + 6)/(2 + 2) shi ne 8/4, wato 2. In ka soke 2 ɗin nan na sama da na ƙasa, 6/2 za ka samu, wato 3. Biyu da uku kuwa ba ɗaya ba ne. Dalili shi ne sokewa rabawa ce: kana raba dukkan na sama da dukkan na ƙasa da abu ɗaya. Wanda ya soke 2 ya bar 6 yadda take, rabin aiki ya yi. Ni kaina na daɗe ina wannan ɓarna ina ɗalibi, har sai da wani malaminmu ya sa na yi wannan gwajin a allo gaban aji. Kunyar ranar ce ta warkar da ni.

Akwai wata dabara ta alama da take ruɗa mutane. (5 − x)/(x − 5) ba 1 ba ne, −1 ne, domin 5 − x daidai yake da −(x − 5). Fito da alamar ragewar waje a rubuce, kada ka yi ta da ka.

Mataki na huɗu, gwaji. Daƙiƙa talatin zai ci maka, ko kalkuleta ba ka buƙata. Sa x = 2 a tambayar asali: (4 − 9)/(4 + 2 − 12) = −5/−6 = 5/6. Sa shi a amsarka: 5/6. Sun dace. Da a ce ka soke x² tun farko, da −9/(x − 12) za ka samu, wanda zai ba ka 9/10, nan take asiri ya tonu. Amma fa kada ka gwada da sifili. A wannan misalin x = 0 yana ba da 3/4 ga amsar daidai da ta kuskure baki ɗaya, sai ka tashi kana murna alhali ka faɗi. Ni 2 ko 5 nake ɗauka, muddin ba sa cikin haramtattu.

Sauran ayyukan duk irin na furakshan ɗin lambobi ne. Wajen ninkawa, farfasa komai, soke, sannan ka ninka abin da ya rage. Wajen rabawa, juya na biyun ka ninka, ka tuna cewa na samansa ma yanzu ba zai zama sifili ba. Wajen tarawa, sai ka daidaita na ƙasa: 1/(x + 1) + 2/(x − 1) zai koma (x − 1 + 2x + 2) a kan (x + 1)(x − 1), wato (3x + 1)/[(x + 1)(x − 1)]. Bar na ƙasan a cikin baka, buɗe shi ɓata lokaci ne. In ɗebewa ce, kulle dukkan na saman furakshan na biyu a cikin baka kafin alamar ragewa ta shiga.

Idan fawar sama ta kai ta ƙasa ko ta fi ta, kuma tambaya ta nemi a raba, sai ka yi doguwar rabawa: (x² + 1)/(x − 1) zai ba ka x + 1 + 2/(x − 1), da sharaɗin x ≠ 1.