Ɗinkin bargon ƙyallaye: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Duk shagon telan da mutum ya leƙa, ko a Kano ko a Damagaram, zai tarar da buhun ƙyallaye a jingine a lungu: guntun atamfa, guntun shadda, guntun yadi, yawancinsu kuma bola ce makomarsu. A Amurka da Ingila irin waɗannan guntaye ne ake haɗawa a yi bargo mai hawa uku, wanda suke kira kwilt. Akwai fuska, wadda aka haɗa da ƙyallaye gida-gida (gida shi ne ƙaramin yanki na ƙyallayen da aka ɗinke tare), akwai ciko na auduga a tsakiya, akwai shafi a baya, sannan a bi su da ɗinki a kama su wuri guda. Mutane da yawa a can sun mai da shi abin sha'awa, suna da ƙungiyoyi, suna da bukukuwan baje koli irin na Houston da ke Texas, wanda aka fara a 1974, da na Birmingham a Ingila. Mu ma dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Lifidin da ake sa wa doki da mahayinsa ranar hawan sallah hawa-hawa ne aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki.

Abin da nake so mai koyo ya riƙe shi ne, aibin da ake gani ranar da aka shimfiɗa bargo ba ranar aka yi shi ba. Tun ran gini tun ran zane. Yawancin ɓarnar tana faruwa ne kafin a zauna kan keke, ko a layin ɗinki na farko.

Mu fara da ƙyallen kansa. Sabon shiga yakan zuba hannu cikin buhu ya kwaso duk abin da ya yi masa kyau a ido, ya haɗa atamfar auduga da ta roba da leshi da yadi mai talewa. Waɗannan ba sa tafiya tare: wanki ɗaya auduga za ta tsuke, roba ta tsaya yadda take, bargon ya tattare. Zafin gugar da auduga ke so kuma shi ne zai ƙona roba. Idan ana shakka, a yanki ɗan ƙyalle a kanga masa ashana. Auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. A ware su, a yi bargo da masu nauyi ɗaya.

Sai zuba. Babu abin da ke karya zuciyar mai wannan aiki kamar ya kwashe watanni yana ɗinki, ya wanke, jan ƙyalle ya zuba a kan fari. Ja da shuɗi mai duhu su ne suka fi yin wannan, rinin baba irin na Ƙofar Mata kuwa yana buƙatar wanki da ɗauraya sau da yawa shi kaɗai kafin a kusanta shi da fari. A jiƙa kowane launi daban a ruwan ɗumi tare da guntun farin ƙyalle. Idan farin ya ɗauki launi, a sake wankewa, idan ya ƙi dainawa a haƙura da shi komai kyansa. Gishirin da ake cewa a zuba ba ya kama rinin kamfani a jikin auduga, kada a dogara da shi. Idan kuwa ɓarnar ta riga ta auku a bargon da aka gama, kada a shanya, kada a goge, domin zafin guga da bushewa su ke zaunar da tabon. A mai da shi cikin babban baho da ruwa mai zafi mai yawa da sabulun ruwa na wanke kwanuka, a bar shi ya jiƙa na sa'o'i, ana canja ruwan har ya fito fes. Sau da yawa ana cetonsa.

Yanzu ga uwar kurakurai, wato awo. Ƙa'idar da masu wannan ɗinki suke bi ita ce a bar kwatan inci, kusan milimita 6, tsakanin layin ɗinki da bakin ƙyalle, kuma kada ya canja daga farkon bargo har ƙarshensa. Wanda ya saba ɗinkin riga yakan raina wannan, domin a riga ɗan ƙari ko ɗan ragi ba ya nunawa. A nan yana nunawa. A ce hannu ya zarce da milimita 1 kacal. Kowane ɗinki yana cin ƙyalle biyu, an yi asarar milimita 2 ke nan. Layin da ke da ƙyalle 20 yana da ɗinki 19, sai a wayi gari layin ya gajarce da kusan santimita 4. Layin da ke ƙarƙashinsa, idan ƙyallensa manya ne kuma ɗinkinsa kaɗan, bai gajarce haka ba. Ranar haɗa su sai a ga kusurwa ba ta haɗu da kusurwa, mai ɗinki ya shiga ja yana talewa don su daidaita, daga nan bargon ya ƙi kwanciya.

Gwajin ba shi da wuya. A yanka tsiri uku, kowane faɗinsa inci ɗaya da rabi, a ɗinke su gefe da gefe, a danna da guga. Na tsakiya ya kamata ya fito inci 1 daidai, duka ukun kuma inci uku da rabi. Idan bai fito haka ba, a gyara a sake. Da an samu daidai, a liƙa salatif a kan farantin keke a inda bakin ƙyalle zai riƙa bi. Tsohon keken ƙafa irin Singer ko Butterfly ya wadatar da wannan aikin sarai, muddin an yi masa wannan alama an kuma sa sabuwar allura. A rage tsawon ɗinkin zuwa kimanin milimita 2 don kada bakin ya warware lokacin haɗa gidaje.

Yanka ma haka. Wuƙar yanka mai zagaye da kamfanin Olfa na Japan ya fitar a 1979 ita ta sauƙaƙa wa mutane, amma wanda bai da ita almakashi mai kaifi ya ishe shi, in dai zai yi ma'auni da kwali mai tauri ya zana da fensir mai tsini. Alli mai kauri yana ƙara faɗi. Kwalin kuma yana cinyewa a gefe da yawan zane, sai a riƙa sabunta shi. A kula da yadda zaren yadi ya kwanta: abin da aka yanka a karkace yana talewa, shi ya sa gida mai kusurwa uku yake wahalar da mai koyo. A sa masa sitati kafin yanka, a rage taɓa shi.

Guga tana da nata laifin. Gogar riga, ta tura dutse gaba da baya, tana karkatar da gida. A nan ɗorawa ake yi a ɗaga. A kwantar da bakin ɗinki zuwa ɓangaren ƙyalle mai duhu don kada ya hasko ta cikin fari, kuma layi ɗaya ya kwanta dama, na biye ya kwanta hagu. Idan aka zo haɗa su, za a ji da yatsa bakin ya shige cikin ɗan'uwansa, a nan ake soka fil.

Launi zan wuce shi da sauri, domin kowa da idonsa. Kuskure ɗaya ne ya yawaita: a tara atamfofi masu manyan zane duka masu ƙarfi ɗaya, zanen gidajen ya ɓace. A jera ƙyallen a ƙasa, a ɗauki hoto da waya, a mai da shi baƙi da fari. Idan duk sun zama toka-toka iri ɗaya, ana buƙatar mai haske da mai duhu, ko yadi marar zane da ido zai huta a kai.

Wurin sa gefe, kada a ɗauko dogon tsiri a ɗinka a yanke rara, gefen zai yi ta lanƙwasa. A auna bargon ta tsakiya, a yanka tsirin daidai wannan awo, a soka fil a tsakiya da ƙarshe biyu, sannan a ɗinka.

Ciko kuwa, sosan katifa siriri da wasu ke sawa yana marmashewa bayan ɗan lokaci, kuma yana riƙe zafi. Ɗanyar auduga da aka baza da hannu takan dunƙule a wanki idan ba a bi ta da ɗinki kusa da kusa ba. Audugar da aka yi don wannan aiki ana rubuta tazarar ɗinkin da take buƙata a jikin ledarta, a karanta a bi. Tsohon bargo siriri ma yana yi. Ni a ganina, a ƙasar zafi irin tamu ba dole ba ne a kwaikwayi kaurin bargon Turai. Matan Bengal suna jera tsofaffin zannuwa su bi su da ɗinkin hannu ba tare da auduga ba, abin da suke kira kanta, kuma irin wannan ya isa sanyin hunturu a ɗaki. Kafin ɗinkin da zai kama hawa ukun, a shimfiɗa shafi a ƙasa mai tsabta a miƙe shi ba tare da an ja shi ba, ya fi fuska da kamar inci 4 ta kowane gefe. A kafa fil ko dogon ɗinkin wucin gadi a kowane faɗin tafin hannu, a fara daga tsakiya a yi waje. Mai ƙyashin wannan mataki zai juya bargonsa ya tarar da ninki a baya.

Akwai wani kuskuren da ke can ɗaya ɓangaren, na wanda ke farke ɗinki sau biyar don kusurwa ɗaya har ƙyallen ya huhhuje, ya gaji ya jefar da aikin. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, da tsofaffin tufafin aikin gona suka yi bargunansu, layukansu ba su miƙe ba, amma a 2002 aka baje su a gidan kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai su New York, a 2006 kuma aka buga su a kan sarkin wasiƙa na Amurka. Nasu zaɓi ne na masu ido, kuma an yi bargunan ne don a rufa. Abin da ya wajaba a farke shi ne ɗinkin da zai buɗe a wanki, da gidan da zai hana bargo kwanciya. Sauran a bar shi a ci gaba.

A aikin taro ne kuskuren awo ke zama rigima tsakanin mutane. Mata goma sun yi shawarar haɗa wa amarya bargo, kowace ta ɗinka gida biyu a gidanta, ranar haɗuwa sai a tarar babu biyu da suka zo ɗaya. Yawanci ba sakaci ba ne, maganar ce ba a yi ta a fili ba. Idan aka ce gida inci 12, ana nufin bayan an haɗa shi cikin bargo. Wanda za a kawo sai ya zama inci 12 da rabi. A rubuta wannan, a raba wa kowa ma'aunin kwali iri ɗaya da gida ɗaya na misali, a sayi yadi ɗaya a yanka wa kowa don ya bi ta cikin dukkan gidajen, a kuma yanke ko kowa za ta wanke ƙyallenta kafin yanka. Bargon tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe, wanda aka fara shimfiɗawa a Washington a watan Oktoba na 1987 da ɓangare 1,920, mutanen da ba su san juna ba ne suka ɗinka shi. Abin da ya sa ya haɗu shi ne awo ɗaya: kowane ɓangare ƙafa 3 ne a faɗi, 6 a tsawo, ana haɗa takwas su ba da murabba'i mai ƙafa 12. Idan duk da haka gidaje sun zo da bambanci, kada a mayar wa kowa da aikinta, wannan yana kashe gwiwa. A kewaye kowane gida da tsiri mai faɗi, a datse su duka zuwa awo ɗaya. Kuma tun ranar farko a faɗi wa za ta haɗa, wa zai sayi ciko da shafi, kuma bargon na wane ne idan an gama.

Mai son kai aikinsa baje koli ya fara da karanta ƙa'idoji, domin ana mayar da bargo saboda an sa shi a rukunin da ba nasa ba, ko awonsa ya wuce iyaka, tun alƙali bai gan shi ba. Manyan bukukuwa irin na Paducah a jihar Kentucky da hoto suke tantancewa, don haka a rataye bargon a miƙe a ɗauka da hasken rana, ba a kan gado ba. Yawanci ana buƙatar a ɗinka aljihu mai faɗin inci 4 a bayansa ta sama inda sandar ratayewa za ta shiga. Alƙalai suna duba ko bargon ya sauka a miƙe, ko tsirin da aka rufe baki da shi ya cika da ciko bai zama fanko ba, ko kusurwoyi huɗu sun fito tsaf, ko an ɓoye bakin zare. A goge alamar alli, a kuma nisanta shi da turaren wuta da hayaƙin girki, don za a ajiye shi tare da na wasu. Idan zanen na wani ne, ko wata ce ta yi ɗinkin kama hawa ukun, a rubuta sunanta a takardar shiga. Ɓoye wannan cin haƙƙi ne, kuma yana iya sa a ƙwace kyauta. A bayan bargon kuma a ɗinka ɗan farin ƙyalle mai ɗauke da sunan duk wanda ya sa hannu, da gari, da shekara, da tawadar da ba ta fita a wanki.