Kurakuran da muke yi wa fatar yaranmu da hunturu, da yadda za a gyara su

Da watan Nuwamba ya raba tsakiya, sai a wayi gari hazo ya lulluɓe unguwa, ki share tsakar gida yanzu, an jima kamar ba a taɓa sa tsintsiya ba. Iskar nan daga arewa maso gabas take busowa, ta kwaso ƙurar Sahara, da yawanta daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, kuma ba ta ɗauke da laima. Shi ya sa wanki ke bushewa kafin ki gama shanya, shi ya sa kuma yaron da kika yi wa wanka da safe zai dawo daga makaranta ƙafafu furu-furu kamar ya yi birgima a toka. Uwa ba ta iya ganin haka ta zauna. Sai a tashi neman dabara, wannan ta ce a ƙara kaza, waccan ta ce a haɗa kaza. Shekarun da na yi ina raino sun nuna mini cewa yawancin wahalar da fatar yara ke sha a wannan lokaci, mu ne muke jawo ta da hannunmu, kuma da kyakkyawar niyya.

Tun daga wajen wanka ake fara ɓata lamarin. Saboda sanyi sai a sirka ruwa sama-sama yana tururi, a ɗauko soso mai kaushi a dirje yaro daga wuya har dunduniya, wai a cire dattin da ake gani. Wannan farin ba dauɗa ba ce, fata ce ta bushe tana ɓarewa. Allah ya yi wa fata wani siririn maiƙo nata na kanta da ke riƙe mata ruwa, ruwan zafi da sabulu da dirza kuwa su ne ke kwashe shi. Ki sa gwiwar hannunki cikin bokitin, idan kin janye da sauri to ruwan ya yi wa yaro zafi. Wanka ɗaya a rana ya wadatar, minti 5 zuwa 10, sabulu kuma a taƙaita shi a wuya da hammata da matsematsi da ƙafa. Sabulun salo ina son sa, amma da toka ake dafa shi, don haka yana da kaifi irin na kanwa. Babba mai maiƙon fuska zai ji daɗinsa. Jariri kam a nema masa sabulu mai laushi marar ƙamshi.

Sai shafa mai. Da yawanmu mukan tsane yaro ƙarau, a bar shi ya sha ɗumin rana, a ba shi koko, sannan a tuna da mai. A lokacin iska ta riga ta shanye ruwan jikin. Mai ba ya ba fata ruwa, aikinsa ya rufe ruwan da ya tarar. Saboda haka a ɗan daddanna tawul a jikin yaro, kada a goge, a shafa man nan take tun jikin da sauran danshi, cikin minti 3 da fitowa. Wannan ɗan canjin lokaci kaɗai ya fi sauya man shafawa sau goma.

Man kaɗe shi ne gatanmu, ga araha ga albarka, kuma ƙasarmu ce kan gaba a duniya wajen samar da 'ya'yan kaɗanya, musamman jihohin Neja da Kwara da Kebbi. Na gaske yana narkewa da ɗumin tafin hannu, yana da ɗan warinsa na hayaƙi. Wanda ya fara warin tsami ya lalace, a zubar. Da sanyi yakan daskare, sai wasu su ɗora shi kan wuta har ya tafasa. Ki sa shi a kwano, ki ɗora kwanon cikin ruwan ɗumi, ya isa. Idan wari ne ya dame ki, haɗa shi da ɗan man kwakwa, kada ki tsiyaya turare a man da za a shafa wa jariri. Gilisarin kuma ba a shafa shi tsura, ana sirka shi da ruwa, sannan a bi da man kaɗe ko basilin a kai.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, wato man haɗi. Wata za ta ce ɗanta an haife shi fari amma hunturu ya dusar da shi, sai ta je wajen masu haɗa mai, ko ta saya a Instagram, roba ba suna ba lambar NAFDAC, an rubuta "na gargajiya zalla". Wasu ma a gida suke matse tub na maganin ƙuraje cikin man yaro, saboda sun lura yana sa haske. 'Yar uwa, kusan duk jariri yakan fito da haske, sannan launinsa na asali ya zauna cikin watannin farko. Ba dusashewa ya yi ba, kamanninsa ne suka fito. Abin da ke sa wannan hasken na gaggawa yawanci ɗayan uku ne: sinadarin haidurokwinon, ko magungunan sitiroyid masu ƙarfi irin su kulobetasol da betametason, ko kuma makyuri mai lalata ƙoda. Fatar yaro ta fi ta babba sirantaka, jikinsa kuma ƙarami ne, abin da aka shafa masa yana shiga jini fiye da yadda ake zato. Da farko za a ga sheƙi, a yi ta yabo. Bayan watanni sai fata ta yi laushi kamar leda, jijiyoyi su bayyana, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, nankarwa ta fito wa yaron da bai kai shekara 5 ba, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Sitiroyid idan ya daɗe yana iya kumbura fuska, ya taɓa girman yaro. Abin ya kai hukumar NAFDAC a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Idan kin riga kin fara, kada kunya ta hana ki magana. Ɗauki robar da yaron ku je asibiti, ki faɗi tsawon lokacin da aka yi ana shafawa, domin tsayar da sitiroyid farat ɗaya yakan sa fata ta yi ja ta hau ƙaiƙayi, likita ne zai tsara yadda za a janye shi a hankali.

Kayan kicin ma ba duka ne na fuska ba. Lemon tsami da 'yan mata ke gogawa don tabo yana da tsami mai cin fata, kuma idan rana ta bugi wurin yakan ƙone ya bar baƙin da ya fi na farko. Kanwa da bakin soda su ma haka, suna kwashe kariyar fata. Dilka ta amare ce da manyan mata, su ma a sassauta da hunturu. Yarinya 'yar firamare ba ta da abin da za a murje mata.

Ƙunshi kuwa, na gani da idona. An kai 'yar yayata zanen biki, aka yi mata baƙin fulawa mai kyau, cikin rabin awa ya kama. Bayan kwana biyar sai zanen ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa, daidai layin da aka ja, ta kwana tana kuka. Tabon ya yi watanni. Lalle na ganye ja yake yi ko ruwan goro, kuma sai an yi awanni ana jira. Duk wanda ya yi baƙi ƙirin nan da nan, an sa masa sinadarin rinin gashi da ake kira PPD. Ba kowa yake ƙonawa ba, shi ya sa mai ƙunshi za ta rantse ta yi wa mutum ɗari lafiya lau. Amma wadda jikinta ya ƙi shi, ya ƙi ke nan har abada, ko rinin gashi ta shafa bayan shekaru zai tayar mata. Yara a tsaya a jan lalle wanda kika ga garinsa. Jarirai kuwa ko shi a bari, domin akwai wani ƙarancin sinadarin jini da ake gada, G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin yaranmu maza, kuma lalle yana iya fasa musu ƙwayoyin jini. Irin wannan haɗarin ne ke tattare da ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan sanyi. Rigunan da suka kwana da kafur tun bara, a wanke su a shanya kafin su taɓa jikin jariri. Idan idonsa ko jikinsa ya yi ɗorawa, shawara ce, a tafi asibiti ranar, kada a tsaya shanya shi a hantsi.

Maganar kwalli ina taka ta da hankali, don na san matsayinsa a addini da al'ada, kakanninmu ma da shi suka raine mu. Matsalar tana ga dutsen da ake sayarwa a kasuwa, mai ƙyalƙyalin nan, wanda sau da yawa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Najeriya. Da aka bincika sai aka gano daga tozalin da ake sa masa ne, aka auna shi aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Ta kwalli ba ta kai wannan yawa ba, sai dai tana taruwa a hankali. Jariri zai murza ido ya tsotsi yatsa, dalma ta shiga ciki, ta taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da zazzaɓi ko wata alama ba. Idon jariri ruwa mai tsabta da auduga sun ishe shi. Mai ciki da mai shayarwa su ma su kiyaye, kuma tsinken kwalli ɗaya ga gida duka hanya ce ta yaɗa ciwon ido.

Leɓe idan ya fashe, hana yaro lasa, miyau ƙara busar da shi yake yi, a shafa basilin safe da dare. Man zafi mai mantoleta ba a cusa wa ƙaramin yaro a hanci. Faso da kaushi kuma ba a yanke su da reza: a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goga da dutse a hankali, a shafe da man kaɗe, a sa safa a kwana.

Akwai kuma abin da mai ba ya magani ko an shafa kwalba guda. Idan kin ga wani zagaye a kan yaro gashi yana zubewa, wurin yana ɓarɓashi, ƙora ce, kuma hunturu kan ɓoye ta cikin sauran bushewar. Tafarnuwa da man birki da ake gogawa ƙuna kawai suke ƙarawa. Ƙwayar cutar tana can cikin tushen gashi, maganin sha take buƙata na makonni 6 zuwa 8 bisa umarnin likita, kuma a raba wa yaron mataji da hula da tawul, a riƙa kai shi aski da askarsa ko injinsa. Haka ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, da ƙananan ƙuraje tsakanin yatsu: ƙazuwa ce, duk mutanen ɗakin ake yi wa magani rana ɗaya, a wanke zannuwan gado da ruwan zafi a baza su a rana.