Yadda Nake Tantance Yis ɗin da Ke Jikin 'Ya'yan Itace

Ɗalibai kan kawo mini mangwaro da gwaiba daga kasuwar Muda Lawal a nan Bauchi, da zarar wani farin abu ya tsiro a faranti sai su rubuta Saccharomyces, wato dangin yis ɗin burodi. Abin yana damuna ƙwarai, domin da wuya a same shi a jikin lafiyayyen ɗan itace.

Ka zaɓi wanda ya nuna lugub, ko wanda tsuntsu ya fasa, kada ka wanke shi. Ka jiƙa ɓawon a ruwan gishirin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, ka girgiza, ka tsarma, sannan ka shafa a farantin PDA (abincin renon ƙananan halittu da ake yi da dankali da sukari) mai maganin chloramphenicol don hana bakteriya tsira. Ka ajiye kwana 2 zuwa 3 a zafin digiri 25 zuwa 28. Zafin Afrilu a Bauchi ya wuce haka nesa, kada ka bar faranti a bakin taga.

Kowane tsiro ka raba masa farantinsa, kuma ka yi haƙuri da shi. Mai launin ja-ja yawanci Rhodotorula ne. Wanda ya fara da fari mai yauƙi, bayan kwanaki ya rikiɗe baƙi, ka zargi Aureobasidium pullulans. Mai gaggawa ba zai ga wannan rikiɗar ba. A madubin hangen ƙananan halittu, ƙwayar da ta yi tsini ta kai biyu kamar lemon tsami Hanseniaspora ce, ita ta fi yawa a nunannun 'ya'yan itace. In ka ga zare yana kakkaryewa gunduwa-gunduwa, Geotrichum ne, mai ruɓar da lemo da tumatir yana tsami.

Sai gwajin sukari iri-iri, ka ga wanne yake ci har iska ta taru a ɗan bututun Durham, wanda ake kifawa a cikin ruwan gwajin don ya tara iska.

Duk wannan dangi kawai zai nuna maka. Sunan gaskiya sai an karanta sassan DNA da ake kira ITS da D1/D2, a gwada su da na GenBank, ma'adanar bayanan DNA ta intanet. Masana yis Kurtzman da Robnett sun nuna a 1998 cewa bambancin da ya haura kashi 1 cikin 100 a D1/D2 yawanci wani jinsi ne daban. In naka ya kai haka, ka adana shi cikin gilisarin a firiza, ka aika wani zuwa ma'adanar irin cibiyar Westerdijk ta ƙasar Holan, ka yi wa sunan rajista a MycoBank, kundin intanet na sunayen yis da danginsa, kafin ka wallafa.